Darasin Laraba a Ɗakin Mai Guga

Wata Laraba ce Malam ya fara kawo ɗalibansa gida su kalli uwarsa. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsintar shinkafa na ga sun shigo a jere, su goma sha biyu, cikin kayan makaranta, kowa da littafi da biro a hannu. Na ɗauka dubiya suka zo, har na sa musu albarka. Da na san abin da ya kawo su, da tiren shinkafar nan na bi su da shi.

Gidanmu gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗakina yana kallon ɗakin Mai Guga, saboda haka ko ban leƙa ba abu yana zuwa idona, balle kuma ina leƙawa. Mai Guga ƙawata ce ta shekara ashirin da wani abu. Da wanki da guga ta ɗauki nauyin ɗan nan nata har ya zama malamin Turanci a sakandare. Mace ce da ko tsumman goge ƙafa sai ta ninke shi. In ta ga maiƙo a zanina sai ta kama gefen da yatsa biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera, ta tambaye ni wane gari za ni da shi. Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Amma hankalinta na nan garau. Ni ce shaida, don in na kawo mata labarin matar mai shago da direban nan mai gemu, kafaɗarta ta hagu har rawa take yi don dariya.

Yaran suka cika ɗakin, suka kewaye gadon. Ni ma na ajiye tire na matsa bakin ƙofa, wai ina kakkaɓe tabarma. Mai Guga ta ga baƙi, ta sa hannun hagu tana jawo ɗankwali ta rufe furfura, ta ɗaga musu hannun alamar sannu da zuwa. Babu wanda ya amsa. Ashe tun a hanya Malam ya gargaɗe su cewa mai nazari ba ya hira da abin da yake nazari.

Ya fito da rula daga jaka. Wallahi rula, irin wadda ake nuna taswira da ita. Ya nuna yatsunta da suka lanƙwashe, ya nuna yawun da ke gefen bakinta, ya nuna ramin wuyanta. Yana yi da Turanci, in ya ga sun yi zuru sai ya juya harshe. Ya ce kada wanda ya rubuta masa wai tsohuwa ba ta da lafiya, su rubuta yadda rashin lafiyar take a ido. Biro goma sha biyu suka hau ƙara a kan takarda. Na ga lokacin da Mai Guga ta gane. Hannun da ta ɗaga ya sauko a hankali, ta rufe ido.

"Ku lura, ta rufe ido," in ji Malam. "Kowa ya tambayi kansa me ya sa."

Da suka tafi na tare shi a bakin famfo. Bai ko ji kunya ba, murna ma yake yi ya samu mai tambaya. Ya ce wani littafin adabi suke karantawa a aji, akwai tsohuwa majinyaciya a ciki. Ya ba su insha'i a kanta, yara arba'in suka kawo masa jimla ɗaya, wai tsohuwar tana baƙin ciki. Ya ce shekara goma yana fama da wannan ciwon, sai yanzu ya gano cewa rubutu ba da alli ake koyar da shi ba. Marubuci sai ya gani, ya ji, ya shaƙa, ya taɓa, ya ɗanɗana. Na ce to Allah ya sa ɗanɗanon ba a ɗakin nan za a yi shi ba. Ya yi dariya ya ce, Iya ba kya rabo da barkwanci.

Zan faɗi laifina tun yanzu, kada wani ya riga ni. A ranar na kai labarin shago, na kai wa mai kitso, na ce Mai Guga ta zama makaranta, saura a kafa mata tuta a ƙofa. An yi dariya, na ji daɗin dariyar. Na ɗauka abin na rana ɗaya ne.

Ashe aji huɗu yake koyarwa, kowane aji ya kasa shi kashi-kashi. Duk Laraba da hantsi sai ga wasu sababbin fuskoki. Masu kunya su tsaya baya suna kallon silin, masu rawar kai su matsa har suna dafa katifa.

Matar Malam ce ke gyara surukarta. Tela ce, kekenta na ɗaki, kuma ban taɓa kama ta da mugunta ba, gajiya ce kawai ta cinye ta. Kullum da safe takan wanke tsohuwar, ta sauya zanin gado, ta shanya ledar katifa. Wata Laraba wata da ta kawo ɗinki ta tsare ta da rigima a kan hannun riga, yara suka iso ba a yi gyaran ba. Mai Guga ta kwana ta wayi gari cikin abin da jiki ya fitar. 'Yan mata biyu suka toshe hanci da gefen hijabi, wani ya fita ya tofar da yawu a gindin famfonmu. Na ce yau dai Malam zai ji kunya ya daina.

Washegari ya dawo daga makaranta yana washe baki. Wai wannan kashin sun fi kowa rubutu. Da kunnena na ji yana gaya wa matarsa cewa daga yanzu ranar Laraba ta bar ɗakin yadda ya kwana sai yara sun tafi. Ya ce in aka share aka fesa turare an yi wa gaskiya kwalliya, kuma shi ba ya koyar da ƙarya.

Na sami matar a kan keke na ce, ke 'yar nan, kin yarda da wannan? Ba ta ɗago kai ba. Ta ce uwarsa ce, ita suruka ce, in ta yi magana a ce ta shiga tsakanin ɗa da uwa. Ta ce kuma awa uku ba ta kashe mutum. Can ta ƙara da cewa ita ma bayanta yana hutawa rana ɗaya a mako, Allah ya gani. Wannan na ƙarshen ne gaskiyarta, shi ya sa ban zage ta ba.

Shi kuwa da na same shi, hujjoji ya zazzage mini kamar mai talla. Wai Inna ba ta san abin da ake yi ba. Na ce ta fi ka sani. Wai likita ya ce ganin mutane yana taimaka wa masu irin ciwonta. Wai duk rayuwarta burinta ya ci gaba, ga shi yanzu tana kwance ma tana taimakonsa. Wai a ƙasashen da suka waye mutane har jikinsu suke bayarwa a yi karatu da shi.

"Waɗancan sai sun mutu ake ɗauka," na ce. "Taka tana numfashi."

Don ya nuna mini ban san darajar ilimi ba, ya zaro wata takarda daga jaka. Karatuna bai wuce aji uku ba, Turancina gaisuwa ce da ƙirga, don haka ya fassara mini. Wata yarinya ce ta rubuta cewa ɗakin yana wari kamar bayan gidan tasha, tsohuwar kuma tana kwance kamar tsumman da aka manta a bokiti kwana uku. Ya sumbaci yatsunsa, ya ce wannan shi ake kira kamance, ya ba ta tara cikin goma. A ƙofar ɗakin muke tsaye, labule a ɗage. Matar da ta yi shekara arba'in tana fitar da dauɗa daga kayan mutane tana jin ɗanta yana yaba wanda ya kira ta tsumma. Na leƙa. Idonta a buɗe, tana kallon bango.

Da zango na biyu ya shigo, darasi ya koma aikin jarida. Yanzu ba biro kaɗai ba, har da waya. Aka koya musu yadda ake yi wa mutum tambayoyi, aka kawo su su gwada a kan wadda ba ta magana. Wani dogo ya durƙusa ya kara mata waya a baki, ya karanto daga takarda: yaya take ji da ta zama nauyi a kan iyalinta? Shiru. Malam ya ce shiru ma amsa ce, ƙwararren ɗan jarida yana rubuta abin da shiru ya faɗa. Sannan ya nuna musu bambancin ɗauka daga nesa da ɗauka daga kusa. Da aka zo ta kusa, shi da hannunsa ya yaye mayafin da ke kan ƙafafunta. Ta kai hannun hagu za ta riƙe, ya ɓamɓare yatsun a hankali yana cewa, yi haƙuri Inna, minti ɗaya ne.

Bidiyon nan aka nuna a zauren makaranta ranar da masu duba makarantu suka zo. Aka tafa. Kafin mako ya zagayo ya shiga wayoyin unguwa. Matar mai shago ce ta miƙo mini tata tana cewa, Iya, ba ƙawarki ba ce wannan? An ɗora masa wani kiɗa mai sa kuka. Duk waɗanda Mai Guga ta taɓa goge wa riga sun ga cinyarta, sun ga ledar da ke ƙarƙashinta. Na mayar mata da wayarta na fito ban sayi sabulun da na je saya ba.

A wajen nan ne Mai Guga ta fara ƙin abinci. Matar Malam ta ce rigimar tsufa ce, yau ta ci gobe ta ƙi. Amma ni mai sa ido ce, kuma sa ido ma yana da ranarsa. Na lura Alhamis tana ci sosai, Juma'a da Asabar haka, ta shanye shayi har ta nemi ƙari. Litinin da yamma sai ta datse baki. Talata ko ruwa ba ya wucewa, a kai cokali ta kau da kai. Laraba yara na fita, sai ta kama kofi da hannu ɗaya tana sha har yana zuba a wuyanta.

Wata Talata na shiga na zauna a bakin gadon da kofin ruwa. Na kawo mata labari mai zafi, na mai gidan haya da aka kama yana auna ɗakin gwauruwar nan da ido, ko motsi kafaɗar ba ta yi ba. Leɓenta ya bushe ya tsage. Na ajiye kofin na kama hannunta.

"Ƙawata, don kada su same ki a jiƙe ne?"

Ta matse hannuna. Da ƙarfi ta matse, har zobena ya shige mini nama. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya, na hagun, ya shiga kunnenta.

Na jira Malam a ƙofar gida, ban bari ya ajiye jaka ba. Na gaya masa uwarsa tana kashe kanta da ƙishirwa don kada ɗalibansa su ga fitsarinta. Ya tsaya cak. Fuskarsa ta sauya, na ce alhamdu lillahi, yau jinin uwa ya motsa. Sai ya laluba aljihu ya fito da ɗan littafi.

"Iya, maimaita yadda kika faɗa. Wannan ai shi ne zuciyar labarin."

Ban san lokacin da na tofar da yawu a gaban takalminsa ba. Ya duba yawun, ya duba ni, ya ce ya yafe mini saboda girmana.

Tunda magana ta ƙi, na koma aiki. Laraba ta gaba, yana fita na shiga da bokiti da sabulu. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma na wanke ta tas, na sauya zanin gado, na ɗaura mata ɗankwalinta mai ruwan ƙasa, na shafa mata mai. Na ce to sha ruwa, yau ko sarkin duniya ne ya shigo ba ki da abin kunya. Ta sha rabin kofi. Da Malam ya iso da yara ya ga ɗakin fes, ya kalle ni, ya ci gaba da darasinsa. Larabar da ta biyo baya, da zai fita da safe, ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin uwarsa ya jefa makulli a aljihu. Wai don kada a dame ta.

Na ɗauki sandata na tafi makarantar. Shugaban makaranta ya ba ni kujera, ya saurare ni yana juya biro. Ya ce shi iyakarsa katangar makaranta, abin da ke cikin gida na iyali ne. Ya ce kuma in duba, sakamakon Turanci bai taɓa kyau irin na bana ba, har an zaɓi Malam ya je ya koya wa sauran malamai dabararsa. Ya raka ni bakin ƙofa yana cewa in gaishe da mai jiki.

Na tafi wurin ƙanen Mai Guga, kawun Malam, wanda ke gyaran agogo a bakin kasuwa. Bai cire gilashin daga idonsa ba. Ya ce yaron yana ciyar da ita, yana saya mata magani, wasu 'ya'yan ma ƙauye suke jefar da iyaye. Ya ce shi ba zai je ya kunyata mai ilimi a gaban matarsa ba. Mai gidan haya kuwa cewa ya yi shi dai kada yaran su karya masa famfo.

Sai wata makaranta ta ji labari, ta roƙi a ba ɗalibanta dama. Malam ya ƙara ranar Asabar. Ya sanar da haka a tsakar gida da murya sama, don in ji. Ita ma ta ji. Mai Guga ba ta yi boko ba, amma ta iya lissafin kwanaki. In za ta bushe Laraba sai ta daina sha tun Litinin, in za ta bushe Asabar sai ta daina tun Alhamis. Ku ƙirga abin da ya rage.

Mako biyu aka yi haka. Idonta ya faɗa, fatar hannunta in ka ja sai ta tsaya yadda ka ja ta. Matar Malam ta tsorata, ta fara ɗura mata ruwa da cokali tana roƙo, Mama ki taimake ni ki haɗiye. Ruwan ya dawo ta gefen baki. Ta gaya wa mijinta a dakatar da yaran ko na wata ɗaya. Ya ce saura kashi uku a gama, ba adalci ba ne wasu su gani wasu ba su gani ba, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna.

Larabar ƙarshe na jawo kujerata na dasa a ƙofar ɗakin, na ɗora sanda a cinya. Ya iso da yara ya ce in ba shi hanya. Na ce sai dai ya ɗauke ni, kuma ya sani ina da nauyi ina da baki. Bai yi gardama ba. Ya zagaya da su ta baya, ya buɗe taga daga waje, suka jeru suna leƙe bibbiyu. Ina jin sa yana cewa wannan ma darasi ne, wani lokaci ɗan jarida ba ya samun ƙofa. Da suka gama na ji yana ba su haƙuri, wai yau babu abin rubutawa da yawa, tsohuwar barci take yi.

Ba barci ba ne. Da ya buɗe kwaɗon muka shiga, na kira ta ba ta motsa ba, numfashin sama-sama. Aka nemo mota aka kai ta asibiti. Likita ya ja fatar hannunta, ya duba harshenta, ya tambayi kwana nawa rabonta da ruwa. Matar Malam ta fashe da kuka. Malam ya fara bayani da Turanci, likitan ya ɗaga masa hannu ya ce ba lacca ya tambaya ba. Aka sa mata ƙarin ruwa leda bayan leda, amma an ce ƙodar ta riga ta tsaya. Ranar Juma'a da rana ta cika.

Ni na koma na kwashe shimfiɗarta. Zanin gadon da aka ɗauke ta a kai, bayan ta kwana a kansa ta kuma yi hantsi a kulle, a bushe yake ƙayau, babu ɗigo. Abin da ta nema ta samu. Na ninke shi yadda take ninkewa, gefe kan gefe, na zauna a kan katifar na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Masu gaisuwa suka yi ta zuwa suna yaba Malam, wai ya riƙe uwarsa har ƙarshe bai kai ta ko'ina ba. Shugaban makaranta ya zo, kawu ya zo, mai gidan haya ya zo, kowa da fuskar tausayi kamar tare aka saya musu. Ban ga wanda ya kasa haɗa ido da ni ba.

Bayan mako biyu, da yamma, sai ga Malam a ƙofata da ledar lemo. Ya durƙusa har ƙasa. Ya tambayi gwiwoyina, ya tambayi idona, ya ce ya lura ina zama ni kaɗai, kaɗaici kuwa ba shi da kyau ga tsoho. Ina kallonsa yana kallon ɗakina, daga gado zuwa bokitin da ke bayan ƙofa. Can ya ce akwai kashi biyu da ba su samu zuwa ba, ko zan yarda su zo su gaishe ni ranar Laraba.

"Su zo," na ce. "Su zo da wayoyin, a ɗauke ni daga kusa. Ni bakina bai shanye ba. Zan fara musu daga kwaɗo."

Ya daɗe yana kallon bakin nawa. Ya ce zai duba jadawali, ya tashi. Lemon ma da shi ya tafi.

Ba su zo ba. Amma satin da ya wuce mai kitso ta gaya mini an ga Malam sau biyu a gidan tsohon mai gadin nan na ƙarshen layi, wanda ya rikice ba ya gane kowa, yake kiran 'yarsa da sunan uwarsa. Na ɗauki sanda na je. Na zaunar da 'ya'yansa uku na ba su labarin nan tun daga rula har zanin gado, ban rage komai ba, kuma karo na farko a rayuwata ban ƙara gishiri ba. Tsohon yana gefe a kan tabarma yana wasa da maɓallin rigarsa. Suka saurara, suka girgiza kai, suka ce Allah ya kyauta. Babban ya raka ni ƙofa ya ce sun gode, za su yi shawara. Sai ya rage murya ya tambaye ni, wai da gaske ne hoton Baba zai fito a mujallar makaranta?